Talatar da Rijiyar Gwaggo Ramatu Ta Koma Koriya

Na manta ranaku da yawa a aikin nan, har da ranar da aka ƙara mini girma, amma ban taɓa mantawa da Talatar da na shiga gonar dabinon Gwaggo Ramatu a unguwar Awali ta Madina na tarar da rijiyar da ta girmi kakana ta koma koriya shar kamar ganyen latas ba. Tunda ku sababbin ma'aikata kun dame ni da tambayar abin da ya karkatar da farcen babban yatsana, ku gyara zama.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ni mu'aƙƙib ne a ofishin injiniyoyi mai zaman kansa. Injiniya shi ke zana gini, ni kuma in bi zanen daga ofis zuwa ofis har baladiyya, hukumar gari ke nan, ta ba shi ruksa, wato izinin gini. An ce yanzu komai ya koma kwamfuta. Gaskiya ne, amma kwamfuta ba ta shan gahawa da kowa, ba ta kuma san wanda ya tafi hutu ba, don haka har yau ana bukatar mai tumbi irina ya je ya yi sallama. Na taka matakalar baladiyya har ta san takuna. In na kwana biyu ban je ba, ita ke aiko a tambayi lafiyata.

Gwaggo Ramatu ba gwaggona ba ce ta jini, amma a unguwarmu duk wanda ya ci tuwonta ɗanta ne, ni kuwa na ci na mutum goma. Kakanta ya zo daga ƙasar Kano da ƙafa, ya yi aikin dabino a Awali har Allah ya hore masa wannan gona. A cikinta akwai tsohuwar rijiya da aka gina da baƙin dutsen Madina, da wani ɗakin laka inda alhazan da suka taso daga gida suke sauka su huta a zamanin da. Sauran magada, da ɗan ƙaninta Adil a gaba, sun gaji da gonar da ba ta riƙe kanta. Sun samu wanda zai saya ya sare dabinon ya yanka filaye. Gwaggo ta ce ba za a yi haka tana numfashi ba.

Dattawan dangi suka shiga tsakani, aka tsaya a kan cewa za a mayar da gonar wurin yawon buɗe ido na tarihi, a gina ƙaramar cibiyar baƙi a bakin ƙofa: zauren tarba, wurin nuna kayan noma na da, wurin sallah, banɗaki da wurin ajiye motoci. Amma da sharaɗi. In aka yanke dabinon ƙarshe na wannan shekara ruksa ba ta fito ba, sayarwa za a yi, ba sauran magana.

Shugaban ofishinmu, injiniya Muhandis Bakur, ya zana ginin, na shigar da fayil. Ƙa'idar ita ce, duk wurin da ke da tsohon gini, baladiyya ba ta sa hannu sai lajna, wato kwamiti daga ofishin kula da kayan tarihi, ta zo ta duba da idonta, ta rubuta cewa sabon ginin ba zai cutar da tsohon ba, kuma tsohon yana nan yadda yake a hotunan da ke cikin fayil. Ku riƙe wannan: yadda yake a hoto.

Aka sa mana Talata, a farkon zafi, dabino ya fara ja. Ranar Alhamis na je na sanar da Gwaggo. Abin da na faɗa mata gaskiya ne, sai ɗan gishirin da ba a rasa ba. Na ce mata manyan mutane ne za su zo, irin waɗanda in sun yi gyaran murya a ofis takardu ke miƙewa tsaye. Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi tambaya ɗaya.

"Baƙi ke nan, Haruna?"

"Baƙi na gaske, Gwaggo."

"To, tashi ka tafi, ina da aiki."

Har gobe ban ga laifina a wannan magana ba.

Ranar Talata da safe ni da Muhandis Bakur muka riga lajna isa. Tun daga ƙofa hancina ya gaya mini akwai magana, domin warin fenti ya danne ƙamshin turaren wuta. An shimfiɗa ciyawar roba daga bakin ƙofa har rijiya. An naɗe gindin kowane dabino da fitilu masu launi, kamar za a ɗaura musu aure. Ɗakin lakan nan da muka ɗauki hoton kowace tsagarsa ya sha farar ƙasa, yana ƙyalli kamar haƙorin jariri. Ita kuwa rijiya, baƙin dutsen da muka cika shafi biyu muna yabo, ta sha koren fenti mai mai, da farin layi a bakinta don ado. A gefe ga kwalayen tayil an jera. Mai tayil ya yi alkawarin zuwa ranar Lahadi ya lulluɓe rijiyar, bai zo ba. A iya sanina wannan ne karo na farko da saɓa alkawarin mai sana'a ya ceci tarihi.

Muhandis Bakur mutum ne marar yawan magana. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Rijiya ba ta canza ba. Ya ce da ni a hankali, "Haruna, ce mini mun ɓata hanya."

Gwaggo tana zaune a inuwa a kan kujera, ta ci ado, fuskar nan fal farin ciki. Ta tambaye mu ya muka ga aikin. Ta ce tun Juma'a take tsaye a kan mai fentin, wani bawan Allah ɗan Cadi, wanda har ya yi mata gardama wai dutse ba ya son fenti, ta ce masa ya yi abin da aka kira shi ya yi. Muhandis Bakur yana jin Hausa sarai, amma in ransa ya ɓaci Larabci ke fita. Ya shiga yi mata bayani da Larabci cewa tsufan ne ake zuwa gani, ita kuma tana amsa masa da Hausa cewa tsufa daban, ƙazanta daban. Suka yi ta yi, kowa da harshensa, kamar rediyo biyu a ɗaki ɗaya.

Ni na kawo shawarar a lulluɓe rijiyar da darduma a ce ana tsoron ƙura. Muhandis ya kalle ni ya ce ɓoye wa lajna abu shi ne hanya mafi sauri ta rufe ofis, kuma in na ƙara faɗa zai lulluɓe ni da dardumar. Wannan ma ku riƙe shi. Muka tsaya a kan gaskiya, amma ba wanda ya ce dole a yi gaggawar isa gare ta.

Lajna ta iso, mutum uku, shugabansu Ustaz Majid, siriri mai ƙaramin gemu, irin mutanen da ba ka iya karanta fuskarsu. Na tare su da gaisuwa. Na tambayi lafiyarsu, da ta iyalansu, da ta motarsu. Na zuba gahawa, na miƙa dabinon ajwa, na sake zubawa. Ustaz Majid ya girgiza finjalinsa alamar ya ƙoshi, na yi kamar ina kallon tsuntsu. Na ba su labarin kakan Gwaggo tun daga ƙofar gidansu a Kano, na tsaya da shi a kowane zango, ban yarda ya tsallake teku da wuri ba. Muna tsakiyar Sudan Ustaz Majid ya ajiye finjali, ya kira ni da laƙabina, ya ce, "Ya Abu Yasir, Allah ya jiƙansa. Ina rijiyar?"

Muka taka ciyawar roba har bakinta. Ya dubi hoton da ke hannunsa, ya dubi rijiya, ya sake duban hoton. Ya tambaya ko akwai wata rijiyar a bayan gona. Na ce wannan ɗin ce, ta ɗan canza kaya ne. Ba wanda ya yi dariya. Ya ce taɓa tsohon gini kafin dubawa dalili ne da ya isa a mayar da fayil gaba ɗaya, a fara daga farko. Fara daga farko kuwa yana nufin dabino ya daɗe da shiga kwali. Adil yana tsaye a gefe da wayarsa a hannu, na ga yatsansa ya fara laluben lambar mai saye.

Ustaz Majid ya tambayi wanda ya sa aka yi aikin. Kafin mu buɗe baki Gwaggo ta taso da sandarta.

"Ni ce, ɗana. Rubuta sunana, kada ka rubuta na yaran nan. Tun zamanin kakana, in aka ce baƙi na tafe, sai an share gonar nan an shafe ɗakin nan. Ba a taɓa tarbar baƙo a nan da tsagaggen bango ba. A kaina za a fara?"

Na fassara masa abin da bai kama ba, kuma a rayuwata ban taɓa fassara magana ba tare da na ƙara mata ko ƙwayar gishiri ba sai ranar. Ya ciro makullin motarsa, ya durƙusa, ya kankare fentin kaɗan a gefen wani dutse. Baƙin ya leƙo lafiya lau. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya ce shi ma mahaifiyarsa ta taɓa sa an sake fentin falo saboda mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki zai zo. Sannan ya yanke hukunci: ba zai mayar da fayil ba, zai dakatar da shi. Farar ƙasar ɗakin ba matsala, tunda abin da aka saba yi masa ke nan kuma ba ta cutar da laka. Amma fentin rijiya sai ya fita tas, da hannu, ba inji, ba ruwan guba, a gaban ma'aikacinsu. Ciyawar roba da fitilu su tafi. Tayil kuwa, kada ya sake jin labarinsa. In an gama, lajna ta dawo.

Da suka tafi Gwaggo ta yi fushi da kowa, har da dabino. Amma kafin la'asar ta sa an kira magada kaf. Adil ya ce shi ba ruwansa, ba shi ya shafa ba. Ta dube shi ta ce, "Wanda ke da gado a rijiya yana da gado a fentinta. Karɓi buroshi." Ita ta goya shi yana ƙarami, ba shi da bakin musu.

Haka muka shiga kankara, da buroshi da tsinken katako da ruwan ɗumi, bayan asuba kafin rana ta yi zafi, da kuma bayan la'asar. Baƙin dutsen nan kun san shi, duk ramuka ne kamar soso, kuma mai fentin ya ji tsoron Allah a aikinsa, bai bar rami ɗaya ba. Ni aka ba bakin rijiya saboda an ce tumbina ba zai bari in faɗa ciki ba. A nan farcena ya karkace. Na yi gumin da ya ƙara wa rijiyar ruwa kamu biyu. Adil ya fara da ƙunƙuni, ya koma yin shiru, daga baya na ji shi yana yi wa wani ɗan'uwansa faɗa wai yana kankara da ƙarfi zai ji wa dutse ciwo.

Lajna ta dawo ta gamsu, ta rubuta rahotonta. Amma rahoto sai ya koma baladiyya, baladiyya ta tura wa masu kula da hanya su duba mashigar motoci, su kuma su dawo da shi. Ina bin fayil, masu hawan dabino suna bin dabino, kuma sun fi ni sauri. Ranar da aka ce an zo layin ƙarshe, na je gonar jikina a sanyaye don in gaya wa Gwaggo saura sa hannu ɗaya, mai shi kuma sai mako mai zuwa.

Na tarar an kwashe komai, an share, sai wani dogon dabino a kusa da rijiya da nono ɗaya rak na 'ya'yan dabino yana lilo a samansa. Na tambayi mai hawa ko mantawa ya yi. Ya ce Adil ne ya hana a taɓa shi. Na waiwaya na ga Adil yana wanke hannu, har lokacin da sauran kore a gefen farcensa. Bai kalle ni ba, ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ammu Haruna, an ce sai an yanke na ƙarshe. Ni ban ga an yanke ba."

Nonon nan ya zauna a sama, tsuntsaye suna walima, har ruksa ta fito. Ranar Adil ya sa aka sauko da abin da ya rage, muka ci ɗaya ɗaya. Ya bushe kamar takalmi, amma ban taɓa cin dabino mai daɗinsa ba.

Yanzu cibiya ta tsaya, baƙi na zuwa daga ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. An bar wa Gwaggo zauren tarba ta yi masa fentin da ta ga dama, kuma kun san launin da ta zaɓa.

Abin da na koya shi ne, takarda rabin aikinmu ce. Za ka iya haɗa fayil da ba shi da aibi ko ɗaya, karamcin mai gida ya rusa shi a kwana huɗu. Mutanenmu ba su san baƙo ya zo ya ga tsaga ba, don haka in za ku sanar da zuwan lajna, kada ku tsaya a kan wa zai zo. Ku faɗi abin da zai zo gani, ku maimaita, sannan ku bincika ko akwai mai fenti a unguwar.

Ita dai Gwaggo har yau ba ta yarda ba. In kun je za ku same ta a kan kujerarta kusa da rijiya. Baƙi na ɗaukar hoton baƙin dutse suna sha'awa, ita kuma tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Ku yi haƙuri da yadda kuka same mu, 'ya'yana. Hukuma ce ta hana mu gyarawa."