Ranar da Kask ɗin Baba Ya Yi Shiru Gefe Guda

Ko da zan manta ranar aurena, ba zan manta da wata Asabar a shagon Baba ba. Gyaran rediyo yake yi a Zongo, kuma da kunnensa yake taƙama. Na'ura ta yi ɗan tari kawai, zai faɗa maka abin da ya lalace. Yana da tsohuwar amfilifaya mai kwalabe, irin wadda sai kwalaben sun yi ja take magana. Da ita da hedifon ɗinsa, wanda muke ce wa kask, yake gwada duk gyaran da ya gama. Dokarsa ɗaya ce: a kunna da murya ƙasa, a jira ta yi ɗumi, sannan a ƙara kaɗan-kaɗan. Na sha ranƙwashi a kan dokar nan ina yarinya.

Ranar na hau zem, wato babur ɗin haya, daga unguwar Vedoko, inda nake aure, na kawo masa abinci. Na same shi ransa a ɓace, kwano ma bai kalla ba.

"Kask ɗin nan ya mutu gefen hagu," ya ce. "Tun safe nake fama."

Ya goge bakin waya, ya sake liƙe ta da dalma, har kwalabe biyu ya musanya. Sai idona ya kai kan maɓallin murya. Mutumin da bai taɓa wuce uku ba, ga shi a kan takwas. Na rage, na sa kask ɗin a kaina. Wallahi gefe biyun ras suke.

Ni kuwa bakina ba ya jira, amma ranar Allah ya taimake ni na haɗiye maganar. Na ce, "Baba, juya shi mana, na dama ya koma hagu."

Ya harare ni, don dabarar tasa ce, shi ya koya mini. Ya juya. Ya saurara. Ya cire, ya sake sawa. Na ga hannunsa ya tashi a hankali ya taɓa kunnensa na hagu. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, na tsura wa kwalaben nan ido suna ta ja.

Can ya ce, "Ashe ba kask ba ne."

"Baba, gobe mu je dokita ya duba."

"Za mu je. Amma rediyon Alhaji mai goro fa? Na ce masa yau." Ya miƙo mini kask ɗin. "Zauna, uwata. Mayar da murya ƙasa. Faɗa mini abin da kike ji."

Haka muka gama gyaran, ni ina ji, shi yana fassarawa. Kunnen bai dawo ba. Daga ranar duk Asabar ina shagon, har Allah ya karɓi abinsa.

Amfilifayar tana ɗakina yanzu, kuma har yau ba na wuce uku. Abin da na koya shi ne, gaskiya mai ciwo ba a buɗe mata murya gaba ɗaya. Da na ce masa "kunnenka ne", da ya kore ni da kwanona. Da na bar shi ya gano da kansa, sai ya ba ni kujerarsa.