Tukuicin shoferin da ya kawo mini amarya

Baƙar motar ta tsaya a ƙofar gidanmu a Gaya, amaryata na ciki, an ɗauko ta daga Yelu. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kuma babu wanda aka taɓa kawo wa amarya a mota a unguwarmu.

Mahaifina masunci ne. Duk ya damu, kada ya ba da abin da zai kunyata mu a gaban surukai.

Ya ce wa mai tuƙa motar, "Malam shofer, mai doki na san tukuicinsa. Kai fa, me ake ba ka?"

Mutumin ya ce, "Baba, kullum ina bin gefen kogin nan, ban taɓa hawa kansa ba. A ɗan zaga da ni a kwalekwale."

Ni ango na tuƙa shi. Rana ta yi sanyi, inuwar giginya ta kwanta bisa ruwa. Ya sa hannunsa cikin kogin, har barci ya ɗauke shi. Na ajiye filafili, na bar ruwa yana tafiya da mu a hankali.

Jiya jikana ya tambaye ni tukuicin mai motar aurensa, na ce ya tambayi mutumin tukuna.

Ku fa, wane tukuici ne ya zauna muku a rai?