Daƙiƙa Shida Nata, Hamsin da Biyu na Manhaja

Shekara goma sha tara Uwar Kati ta yi a tagar rajista ta wani ƙaramin asibiti. Da biro ta fara, aka kawo kwamfuta ta koya wa kanta, a kan kujerar nan ta yi goyo uku. Bana aka sa sabuwar manhaja, layi ya fara kaiwa bakin titi. Sai ga takarda daga Sakatare: ran Litinin ta koma sito, wai hannunta ya yi nauyi.

"Hannuna?" Ta dire masa takardar a tebur. "Ranka ya daɗe, suna ɗaya nake bugawa in zauna ina kallon 'yar fitilar nan tana ƙifta ido kamar mara gaskiya!"

"Injiniyan kwamfuta ya auna, Malama. Ya ce manhaja lafiya lau."

A bakin famfo ta ritsa Injiniya yana wanke kofi.

"Ƙanena, yaushe ka auna?"

"Da safe, kafin a buɗe."

"Da suna nawa?"

"Goma, na gwaji."

"Goma! Mutum dubu tamanin ke cikinta, ka kwashe su ka sa goma? Kai ma in aka sauke maka kaya ai gudu za ka yi. Wuce mu je."

"Yaya, shayina..."

"Ya huce!"

Ƙarfe sha ɗaya ne, bencin gaban taga ya cika, masu tsayuwa na fifita da katunansu. Injiniya ya buɗe wani baƙin allo mai ƙirga duk fayil ɗin da manhajar ta buɗe, da abin da ta karanta, da abin da ta rubuta. Uwar Kati ta buga sunan wata mai goyo da ɗanta ke tari. Lambobi suka yi ta zuba.

Ta ce, "Karanta da ƙarfi, kunnena ma ƙila ya tsufa."

Ya share gumi. "Buɗewa dubu huɗu da ɗari biyu. Duk harafin da kika danna, sai ta koma ta bi fayilolin katuna tun daga farko."

"Ni daƙiƙa nawa na ci?"

"Shida."

"Ita fa?"

"Hamsin da biyu."

Ta ce, "Amma ni aka tura sito." Wani tsoho a layi ya ce, "To, ita za a kai sito!" Benci ya ɗau dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Hayaniyar ta fito da Sakatare. Ya leƙa allon, ya yi gyaran murya. "To, a jingine maganar tukuna."

"Ba jinginewa. A gaban ma'aikata aka miƙo min takardar, masu shara ma sun yi min jaje. Ka janye a rubuce, da lambobin nan a ciki."

"Malama, mu je ofis mana."

"Nan ne ofishina."

Ya dubi layi, layi ya dube shi. Ya laluba aljihu, babu biro. Mai goyon ce ta zaro nata daga jaka ta miƙo ta taga.