Takardar Habsatu, Idon Balkisa

Baba Kadiri shi ne lamba arba'in da bakwai a rajistar ƙungiyar 'yan fansho ta Malanville, rajistar da nake riƙe da ita shekara goma sha huɗu ke nan. A gaban sunansa an rubuta: mai allurar dabbobi, shekara talatin da ɗaya a bakin aiki, mace ɗaya, Habsatu. Ni na kwafe layin da hannuna daga dosiyensa, wato fayil ɗinsa, kuma ban taɓa tambayar komai ba, don takardunsa sun cika, kowace da hatiminta.

A Garu aka haife shi, gidan masunta. Cikin 'ya'yan ubansa shi kaɗai jirgi ke sa wa amai, sai uban ya ce tunda ruwa ya ƙi shi, a ba gwamnati. Haka ya shiga lekol, makarantar boko. A 1980 ya kama aiki, aka ba shi keke da akwatin allura, aka ajiye shi a Madekali. Ya bi rugagen Fulani har suka daina ɓoye masa maruƙa. Yana da wata ɗabi'a da ta sa jinina ya haɗu da nasa: kullum in ya dawo sai ya rubuta a kaye, wato littafin aikinsa, rugar da ya je da yawan shanun da ya yi wa allura. Kayen nan suna nan cikin adaka har yau.

Ya auri Habsatu a 1984. An ɗaura a ƙofar gidan ubanta, sannan shugabansa na aiki ya matsa masa suka je ofishin magajin gari aka sake rubuta auren, don sai da wannan takarda gwamnati ke sanin ma'aikaci yana da iyali. Da ita ne in matarsa ta kwanta ciwo, gwamnati ke ɗaukar kashi huɗu cikin biyar na kuɗin asibiti.

Habsatu ta rasu da daminar 1998, bayan zazzaɓin kwana uku. Ta cika da hantsi, aka kai ta kafin la'asar, kamar yadda muke yi. Ruwa ya yanke hanyar gari mako biyu. Ba wanda ya tuna cewa mutuwa ma ana yi mata takarda. Da shekara ta zagayo, dangin marigayiya suka duba yara huɗu da ta bari, suka yi magana da ƙanwarta Balkisa, wadda aurenta ya mutu tana zaune gida a ƙetaren gulbi, kusa da Gaya. Ta ce ta yarda, 'ya'yan Yaya 'ya'yanta ne. Aka ɗaura, aka raba goro, ta haye. Wannan auren ba a kai shi ofis ba.

Ranar da Balkisa ta fara rashin lafiya, Kadiri ya ɗauki takardar da ke cikin adaka ya kai ta likita. Ma'aikaciyar jinya ta kira "Madam Kadiri", Balkisa ta tashi ta shiga. Haka aka yi ta yi shekara ashirin da huɗu. Ita ba ta karatu, ba ta san abin da ke rubuce ba. Shi kuwa bai taɓa ɗaukar abin ƙarya ba.

A watan Fabrairun 2023 idonta ya fara hazo, kanta na sara. Suka je wani asibiti a Paraku. Likita ya ce ruwa ne ya taru cikin idanun yana danne jijiya, a yi aiki cikin wata uku, in an wuce haka abin da ya mutu ba ya dawowa. Ya ba su maganin ɗigawa na riƙon ƙwarya. A wurin biyan kuɗi aka ce musu tsohuwar takarda ta daina aiki, yanzu sai sabon kati mai hoto da zanen yatsa.

Masu yin katin sun zo ofishin ƙungiyarmu ranar shida ga Maris. Ma'aikaciyar daga Kwatano take, Faransanci kaɗai take ji, ni nake tafinta. Da layi ya zo kansu ta dubi takarda ta ce, "Madam Habsatu, matso ki sa yatsa."

Balkisa ta waiga bayanta.

"Ke ce," in ji Kadiri. "Sa yatsa mu tahi."

Ba ta kula shi ba. Ni ta fuskanta. "Sakatare, wa ta kira?"

Na maimaita mata sunan. Ta janye hannunta ta sa cikin mayafi.

"Malam, da sunan Yaya kake kai ni likita?"

"Gurbin mace guda gwamnati ta ba ni, mace guda na kai. Mi na ci na wani?"

"Yaya na kwance Madekali. In sa yatsa in ce ni ce ita, in tashe ta daga kabari don ido?"

Na fassara wa ma'aikaciyar abin da ya kamata ta ji. Ta ajiye biro. Ta ce ko da tsohuwa ta sa yatsan, na'ura za ta ƙi, don tun rajistar jama'a ta san wannan yatsa da sunan Balkisa. Ta ce abin da ya wuce ita ba ta gani ba, amma kati ba zai fita ba sai da abu uku: shaidar mutuwar ta farko, takardar haihuwar ta biyu, da auren ofis.

Washegari suka dawo da Sha'ibu, babban ɗan Habsatu, wanda ke kabu-kabu tsakanin kasuwa da bakin gada. Shi shawararsa ɗaya ce: a sayar da bijimai biyu na huɗa, a kai Inna Paraku cikin makon nan.

"In sayar da su, da mi zan yi huɗar shinkafa?" in ji Kadiri. "Shekara talatin da ɗaya ana yankar albashina don rana irin wagga. Sakatare, takardun ga kwana nawa za su ci?"

Na buɗe littafin ƙa'idoji. Na haɗa kwanakin da aka rubuta wa kowace takarda, na ƙara mako guda don halin ko-ta-kwana. Na ce mako shida. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, don haka yake a rubuce. Kadiri ya juya ya dubi ɗansa, magana ta ƙare a nan. Wannan amsar tawa tana cikin abubuwan da ba na son tunawa.

Mutuwar da ba a bayyana ba cikin kwanakin da doka ta tanada, sai kotu ta tabbatar da ita, da shaidu biyu da suka halarci jana'iza. Limamin da ya yi sallar ya rasu. Muka samo wani maƙwabci, muka samo Sumaila, taubashin Kadiri, wanda ya haƙa kabarin. Aka ba mu goma sha ɗaya ga Afrilu. Muka je, aka ce alƙali ya yi tafiya. Aka ba mu tara ga Mayu. Muka je, aka ce tambur ɗin da muka manna, wato kan sarki, na tsohon farashi ne, a sake shigar da buƙata. Wa'adin likita ya cika muna zaune kan benci.

Sai shida ga Yuni aka kira mu. Alƙali ya tambayi Sumaila ranar rasuwar.

"Ranka ya daɗe, shekarar da ruwa ya ci albasar Na-Allah."

"Wace shekara ce?"

"Ita ce dai. Kowa ya san ta." Ya nuna Kadiri da baki. "Bawan nan nawa shi aka kai lekol, shi ya kamata ya riƙe lamba. Mu rami muka sani."

"Ramin ma a karkace ka haƙa shi," in ji Kadiri.

Alƙali bai yi dariya ba. Ya ce ba zai rubuta albasa cikin hukunci ba. Sai Kadiri ya zaro kayen 1998 daga jaka. Kowace rana da ruga da adadin shanu, har zuwa goma sha bakwai ga Agusta, inda aka rubuta kalma biyu: ban fita. Haka kwana bakwai a jere. Alƙali ya juya shafukan gaba da baya, ya karɓa. Kwafin hukuncin kuwa bai fito ba sai ashirin da biyar ga Yuli, don mai sa hannu yana hutun shekara.

Saura takardar haihuwar Balkisa. A ƙetare aka haife ta, can za a ciro, kuma ofishin aure ba ya karɓar kwafin da ya wuce wata uku da fitarwa. Shi ya sa na ce kada a ciro ta da wuri, kada ta tsufa kafin hukunci ya fito. Muna shirin tafiya aka yi juyin mulki a ƙetare, aka rufe gadar kan iyaka.

Kadiri ya shiga jirgi, mutumin da rabonsa da jirgi tun yana ɗan shekara bakwai. Sau uku ya haye, kowace tafiya yana kwance cikin buhunan albasa yana amai, masu jirgi na yi masa tsiya, ɗan masunta guda. Karo na farko ba a ga sunanta a rajistar ba. Karo na biyu aka ce a kawo dagacin ƙauyensu. Karo na uku ya dawo da takardar cikin leda, ɗaure a ƙirji.

Ranar da na kai musu fom ɗin aure gida, tsakiyar Satumba, na tarar da Balkisa zaune bakin murhu tana lalube neman ludayi, yana gabanta. Na yi sallama ta amsa tana kallon gefen da ba na nan.

"Sakatare ne? Mako shidan naka bai cika ba?"

Na ce saura kaɗan, Inna: a manna sanarwar aure a bango, a jira kwanakinta, a ɗaura, sannan a aika dosiye Kwatano.

"A manna a bango don wa? Akwai wanda bai san ni matar Malam ce ba? Na aurar da 'ya'ya huɗu a gidan ga."

Kadiri na zaune a kan tabarma yana jinmu. Ran kasuwa mai zuwa ya ja bijiman da kansa. Farkon kaka ne, kowa na sayarwa, dillalai kuma sun ji labarin matsuwarsa. Abin da ya samu bai kai wanda da zai samu a Maris ba. Sha'ibu ya cika sauran.

An yi aikin ranar huɗu ga Oktoba. Likita ya duba kwanan watan da ke kan takardarsa ta farko, ya dubi Kadiri, ya tambaya ina suka shiga wata takwas. Kadiri ya fara ba shi labarin kotu, likita ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Idon hagu ya mutu. Na dama an tsirar da ɗan abin da ya rage: tana gane hasken ƙofa, tana gane mutum ya gifta, ba ta gane ko wane ne sai ya yi magana.

An ɗaura auren ofis a Nuwamba. Ni da Sumaila muka zama shaidu. Jami'in ya ɗaura ɗamararsa mai launin tuta ya karanta musu haƙƙin miji a kan mata da na mata a kan miji, ni ina fassarawa. Sumaila ya ce a tambayi amarya da kyau, kada a cuce ta, angon nan ko shanun huɗa ba shi da su. Balkisa ta yi murmushi. Da aka zo sa hannu, Kadiri ya kama yatsanta ya kai shi kan layi, don ba ta ganin takardar.

A makon nan na koma rajistata na bi ta layi-layi, ina tambayar kowa sunan matar da ke gidansa yau. Cikin mutum ɗari biyu da sha biyu, tara ne matar takarda ta rasu ko an rabu da ita, wata ce ke gurbinta. Biyu daga ciki ƙannen matan farko ne. Na gaya wa kowannensu ya fara neman takardu tun matarsa na da lafiya, kuma duk wanda ya tambaye ni kwana nawa, na ce ban sani ba.

Katin Balkisa ya iso ashirin da uku ga Janairu, wata goma da rabi bayan ranar da ta janye hannunta. Na gyara layi na arba'in da bakwai, sannan na hau babur na kai mata. Ta karɓa ta shafa gabansa da bayansa, ta kai shi dab da idon dama, ta karkata wajen ƙofa.

"Hoton ya yi kyau?"

Na ce ya yi.

"Sunan wa ke jiki?"

Na karanta mata: Balkisa, matar Kadiri.

Kadiri ya tambaye ni ko da katin nan za a mayar masa da kashi huɗun aikin da aka yi. Na riga na duba kafin in fito. Na ce a'a, Baba, daga ranar da kati ya fita yake fara aiki.

Balkisa ta miƙa katin wajen da ta ji muryarsa. "Malam, sa shi cikin adaka. Ka kama hannuna, rana ta iso nan."