Goyon Baba Ranar Talata

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma a Bakura kowa ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana son magana da ni sai ya ce "kai", ko ya aiki wani ya kira masa "wancan". Ban ce ba ya sona ba. Kunyar ɗan fari ce, shi ma haka aka yi masa. Tun ina ƙarami na san wannan, sai dai sanin bai rage mini abin da nake ji duk ranar Talata ba.

Ranar Talata Baba ke cin kasuwar Mafara, ƙanena da ke bi mini shi ke goya shi a babur. Tsohon babur ne ja, wanda ya sha ɗaukar buhunan albasa har kujerarsa ta lotsa. Su fita da hantsi, su dawo bayan la'asar. Tafiyar ba ta dame ni ba kamar hirar. A kan babur ɗin nan aka yanke shawarar shuka alkama a gonarmu ta Bakolori. A kansa aka tsayar da maganar gyaran ɗakin Inna. Ni kuwa sai wajen cin tuwo nake jin labari, ƙanena yana suɗe yatsa yana cewa, "Ai mun yi maganar da Baba a hanya." Wataƙila ba da wata manufa yake faɗa ba. Amma nakan wanke hannu in tashi ban ƙoshi ba.

A lokacin ban iya babur ba. Makarantar kwana da jami'a sun cinye shekarun da sa'annina suka koya. Sai da na gama hidimar ƙasa, na sami aikin koyarwa a Maradun, sannan na ari babur ɗin wani malami na riƙa koyo a hanyar da ke bin gefen magudanar ruwa. Da na ga hannuna ya ɗan faɗa, na je na yi lasisi, na sayi hular kwano. Ƙanena ya juya lasisin gaba da baya.

"Yaya, har mashin ma sai da takardar shaida? Mu da munka fara tuƙi ƙafarmu ba ta kai ƙasa ba, wa zai ba mu tamu?"

Niyyata in sayi irin wanda kowa ke hawa. Da wannan niyyar na shiga layin masu sayar da babura a Mafara. Can ƙuryar wani shago na hango shi: babur ɗin tsere, shuɗi, na hannu, tayar bayansa kusan faɗin ta mota, kansa a sunkuye kamar rago zai kai karo. Mai shagon ya tayar da shi, duk layin aka waiwayo. Na ce a raina, in dai Baba zai hau bayan ɗansa na fari, ya kamata ya zama a kan abin da babu irinsa a garin. Ina jin akwai kuma son a ga bambanci tsakaninsa da jan babur ɗin gida, ko da yake a ranar ban kira abin da wannan sunan ba. Na duba birki, na duba takardu sau da yawa, na tambayi inda ake samun kayan gyara. Kujerar baya ce kawai ban kalla ba.

A bayan a-kori-kura na kai shi gida, don ban yarda in hau shi a titi ba tukuna. Maƙwabta suka taru ana Allah ya sa alheri, samari kowa na neman ɗani. Ƙanena ya zagaya shi, ya shafa tankin mai, ya dafa 'yar kujerar bayan da ba ta wuce tafin hannu biyu ba, ga ta can sama kamar an ɗora ta a kan katanga.

"Yaya, ina buhu zai zauna?"

"Ba na buhu ba ne."

"To Baba hwa?"

Na ce zai zauna lafiya lau. Har ga Allah ban tabbata ba.

Makonnin farko wahala na sha. Ka ɗan murɗa totur kaɗan ya zabura kamar an tsikare shi. A kife ake tuƙa shi, wuyan hannu ya yi ta ciwo. Ban cika wuce giya ta biyu ba, masu kabu-kabu su wuce ni suna waiwaye. A kowane shingen bincike sai an tsayar da ni, saboda yanayin rashin tsaro da ake ciki ba a ganin babur irin wannan a kau da kai, ni kuma in fito da takarduna tun ba a tambaya ba.

Da na ga na ɗan saba, na sami Gwaggo, ƙanwar Baba, don ita ce ke isar mini da abin da ba zan iya faɗa masa ba. Na ce mata ina son ni ma in goya Baba zuwa kasuwa. Ta yi dariya ta ce za ta gaya masa. Ranar Talata ya fito da babbar rigarsa fara. Ya daɗe yana kallon babur ɗin. Aka kife masa turmi ya taka, ya tattare riga, ya hau. Gwiwoyinsa suka tashi sama, kansa ya zarce nawa nesa. Babu ƙarfen riƙewa a baya, babu abin kamawa sai ni, shi kuma ya ɗora hannuwansa a kan cinyoyinsa ya ƙi taɓa ni. Na saki kuloci a hankali iya yina. Duk da haka babur ya fizga, na ji yatsunsa sun damƙi kafaɗuna da ƙarfi. Ba mu kai bakin layi ba ya ce, "Tsaya." Ya sauka da kyar, ya gyara hula.

"Wanga ba na dattawa ba ne. A kira mini ɗan'uwanka."

Na bi su a baya har Mafara. Babur ɗin da aka ce yana iya tsere wa mota, ga shi yana bin sahun mai ɗaukar albasa. Ta gilashin hulata ina ganin hannun Baba yana tashi yana sauka, yana nuna wata gona, ƙanena yana gyaɗa kai. A wani wuri ma na ga kafaɗunsu na rawa, dariya suke yi.

Ƙanena dama ya dame ni da roƙon ɗani. Sai na ce masa mu yi musanya na ɗan lokaci, ya riƙe shuɗin in riƙe jan. Bai tambayi dalili ba, ya warce makulli. Cikin kwanaki kaɗan ya fi ni iya shi, har daga masallaci ana jin ƙararsa in ya hau titi. Talatar da ta zagayo, tun da sassafe ƙanena ya wuce kasuwa a kan shuɗin. Baba ya fito ya tarar da ni a kan jan babur, na goge shi, na cire hular kwano don kunnena ya zama a buɗe.

"Ina shi?"

"Ya riga ya tahi, Baba."

Ya ɗan tsaya, sannan ya yi bisimilla ya hau. Muka bar gari shiru. Muka wuce gonakin shinkafa shiru. Ina ta kauce wa ramuka, ina tunanin ko in fara tambayarsa maganar taki. Can sai ya yi gyaran murya.

"Kai ne babba. Ka amshe mashin ɗinka daga hannunai."

"To, Baba."

"Yaron ga ba shi da tsoro. Kai kana da shi. Abu irin wanga, mai tsoro ya kamata ya riƙe shi."

Daga nan bai sake yin shiru ba. Ya ba ni labarin yadda ƙanena ya faɗo daga kan jaki yana ƙarami, ya tashi ya sake hawa da jini a goshi. Ya ce tun da aka yi musanyar nan, in ya ji ƙarar daga nesa sai ya kasa ci gaba da lazimi. Ya ce Inna ba ta cin abinci sai ta ga yaron ya shigo. Ban taɓa jin Baba ya yi mini magana mai tsawon wannan ba, kuma tun daga farkonta har muka shiga Mafara babu ni a cikinta sai wajen aike. Duk da haka na rage gudu da muka hango rumfunan kasuwa.

Na yi tunanin in ja lokaci, in ce ƙanena ya ƙi, ko in bari sai wata Talatar ta wuce. Amma in wani abu ya same shi a tsakani fa? Da yammar nan na same shi a ƙofar gida yana wanke tayoyin shuɗin, na ce ya ba ni makulli. Ya dube ni.

"Ƙarata ka kai?"

"Baba ne ya ce."

Ya miƙo mini. Na juya zan shiga gida, makullin jan babur na cikin aljihuna, yatsuna a kansa.

"Yaya," ya ce, "nawa hwa?"

Na ciro na ba shi.