Zafin da ya zagaya munduwar Inna

Inna kifi take soyawa a bakin titi, kusa da gadar Wudil, tun kafin in san dama da hagu. Motocin da suka fito daga Kano a nan suke tsayawa, ranar kasuwa kuwa ko zama ba ta samu. A hannunta na dama akwai munduwar azurfa mai kauri, wadda kakarmu ta sa maƙeri ya liƙe mata bakinta lokacin da za a kai ta ɗaki daga Dagumawa. Hannu ya cika daga baya, munduwa ta daina fita, Inna ma ba ta taɓa neman ta fita ba. Dama guda biyu ne, ɗayar ni kaka ta ba, tana cikin akwatina.

Da girma ya zo sai ciwon suga ya shigo, ya cinye mata jin hannu. Ƙayar kifi za ta soke ta, sai ta ga jini sannan ta sani. Ana cikin haka wani gyambo ya fito mata a wuyan hannu, ya zagaye shi kaf kamar an ɗaura zare. Mu wanke, mu sa magani, ya fara kamewa, ta koma bakin kasko ya dawo sabo. Ma'aikaciyar asibiti ba ta ɓoye mana ba. Ta ce mai irin wannan ciwo idan gyambo ya ƙi warkewa, hannun ake rasawa.

Nan fa kowa ya zama likita. Maƙwabta suka ce mutanen ruwa ne suka riƙe ta, tunda kullum tana kusa da kogi. Wasu suka ce bakin mutane ne, ciniki ya yi yawa. Ni kuwa, da ba a raba ni da gardama, na ce mai ne yake fallatsa, duk da na san mai ba ya fallatsa a zagaye. Na tasa ta gaba da faɗa a kan ta bar suyar nan.

"In bari in yi me?" in ji ta. "In kwanta ina ƙirga azara?"

Ƙaninta, kawunmu, aikin wayar lantarki yake yi. Wani hantsi ya biyo cin kifi, ina wurin, ya zauna a benci yana kallonta. Can ya miƙe ya ɗora yatsa a kan munduwar, ya janye da sauri ya sa a baki.

"Yaya, ba kya jin komai?"

"Jin me?"

Ashe duk sanda ta miƙa hannu tsamo kifin da ke can gefe, ƙasan munduwar yana zama a kan bakin kasko. Kawu ya ce ita ce take ƙona ta. Na ce sam. Ai saman munduwar ba ya taɓa komai, kuma ciwon har saman ya kai. Ga cokalin tsamar ma, na baƙin ƙarfe, wuni yake cikin tafasasshen mai, amma mariƙinsa ɗumi kawai yake yi. Kawu bai ja da ni ba, ya san halina. Ya ce in an yi la'asar in fito da tawa munduwar.

A tsakar gida ya jera abu uku a bakin murhu: wani guntun rodi, da wata waya mai kauri ta tagulla daga jakar aikinsa, da munduwata. Ya laƙa wa kowanne ɗan man shanu a gefen da ke nesa da wuta, ya tura ɗaya gefen ya taɓa garwashi. Muka tsuguna, ni da Inna, muna kallo.

Ban gama gyara zama ba man da ke kan azurfar ya fara ƙyalli, ya zame ya ɗiga ƙasa. Na tagulla ya biyo baya nan da nan. Na rodin kuwa yana nan daram, kamar ba da shi ake ba, sai da muka gaji da jira sannan ya fara laushi.

Babu hayaƙi, babu ja, munduwar tana nan fara tas yadda na san ta, amma wani abu ya shiga ta wannan gefe, ya bi cikinta a guje, ya fita ta wancan, ido bai gan shi ba. Na girma cikin ƙarafa, tukunya da wuƙa da kwano, duk sunansu ɗaya a wurina. Ashe kowanne da halin da Allah Ya yi shi da shi, wani mai riƙe zafi a inda ya same shi, wani mai kai shi gaba tun ba a aike shi ba. Kawu ya ce haka suke da lantarki ma, wanda ya fi saurin kai zafi shi ya fi saurin kai wuta, shi ya sa tagulla ce a cikin bangon kowane gida, azurfa kuma ta fi ta. Na kalli bangon ɗakinmu, na ji tsoro da mamaki a tare.

Inna ta daɗe tana juya munduwar hannunta.

"Ikon Allah," ta ce. "Da can ina jin ta ɗau zafi sai in janye hannu, ban ma san ina yi ba."

Na ce a naɗe ta da tsumma. Kawu ya ce tsumma zai sha mai a bakin wuta, an gudu ba a tsira ba. Ya rage ko kasko ko munduwa. Na yi zaton za ta zaɓi munduwa, don ita kaɗai ce abin uwarta da ya rage a jikinta, kuma a raina haka na so, ta huta. Da safe ta yafa mayafi ta ce in raka ta wurin maƙerin fari, mai aikin azurfa.

Dattijo ne, ya gaishe ta ya tambayi gida da jiki da kasuwa, sannan ya duba hannun ya girgiza kai. Ya zura wata 'yar fata a ƙarƙashin inda zai yanka. Ya ce da ni, "'Yata, riƙe ta nan, ki ɗaga ta daga kan ciwon." Na sa yatsuna a ɗaya gefen na riƙe. Ya ɗauko siririn zarto ya fara.

Inna ta kau da kai tana ba shi labarin maƙerin da ya liƙe ta, da yadda ta yi ta kuka ranar. Tana cikin magana na ji ɗumi ya iso yatsuna. Gugar zarton ce, a can nesa da inda na riƙe, ta zagayo ta same ni. Ɗumin ya zama zafi, ya fara cizo. Na dubi fuskar Inna, babu abin da ya motsa, labarinta kawai take yi tana murmushi. Sai a lokacin na san abin da hannun nan ya sha, kullum, a gabanmu, muna ta zargin kogi. Hawaye suka zubo mini.

"Baba, dakata," na ce. "A zuba ruwa."

Ya tsaya ya miƙo buta. Inna ta juyo ta ga fuskata, ta kalli hannunta.

"Ke kuma kukan me kike yi? Ni fa ban ji komai ba."