Ƙullin Dalhatu Mai Zana

Duk wanda ya sayi zana a kasuwannin ƙasar Kabo da Gwarzo a shekarun da gyaɗa ke tashe, ya san ta Dalhatu. Ba a yi masaƙi irinsa ba, amma kowace zana ya saƙa sai ka tarar da wuri guda a jikinta da ya bari sako-sako, inda ko tsohuwa ta sa kafaɗa za ta ɓulle. Awaki sun fi kowa sanin wurin. Masu saye su yi ta mita, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka take."

Da can ba haka take ba.

Iyayensa makiyaya ne da suka zauna suka kama noma a wani ƙauye kusa da Masanawa. Shanun sun ƙare tun yana ƙarami, sai dai hannunsa ya gaji abu ɗaya daga mahaifinsa: ƙullin da ake yi wa bijimi mai faɗa, wanda in an ja shi sai ya ƙara kamawa. Dalhatu ba ya iya wuce igiyar da aka ɗaura da wasa bai gyara ta ba. Abokinsa Maikuɗi, wanda katangar kara ce kawai ta raba gidajensu, kan ce masa, "Kai in aka bar ka, har iska sai ka ɗaure ta a turke."

Wata shekara gyaɗa ta yi albarka. Da aka gama kaka, motoci suka kwashe buhuna zuwa Kano, sai gari ya shirya kokawa. Dalhatu aka ba aikin kewaye fili. Ya yi zana ruɓi biyu, ya tanke ta da kyau, aka jibga ƙayar magarya a bayanta don kada 'yan leƙe su kutsa. Ƙofa biyu aka yi: ta gabas ta 'yan kallo, ta yamma ta 'yan kokawa, wadda aka sa mata ƙyauren itace da aka aro daga wani garke. Maikuɗi ne mai tsaron ta yamma.

Da la'asar ta yi, Dalhatu ya tashi zai fita salla. Ya bi ta wajen ƙyauren, ya ga Maikuɗi ya zarga igiya kawai ya juya baya yana ihu, gwaninsa na shirin kayar da mutumin Lakwaya. Hannun Dalhatu ya kai ga igiyar tun kafin zuciyarsa ta yi shawara. Ya kwance, ya yi irin nasa ƙullin, ya fita ta gabas. Ba wanda ya gan shi.

Yana raka'a ta biyu a gindin tsamiya ya ji ihun ya canja murya.

Kaskon mai tuyar ƙosai ne a bakin ƙofar gabas. Man gyaɗa ya fantsama, wuta ta lashi zana, iska ta kama mata. Da gabas ta zama wuta, jama'a suka yi yamma gaba ɗaya, suka danna ƙyauren. Duk kafaɗar da ta tura shi, ƙara wa ƙullin ƙarfi take yi. Akwai masu wuƙa da yawa a cikin taron, amma matsi bai bar kowa ya zaro hannu ba. Zanar kuwa ta tsaya kyam, yadda mai ita ya so. Sai da ta cinye ta faɗi ta kudu sannan mutane suka tsallake garwashi da ƙaya suka fita.

Mutum tara ba su fita ba. Aka tarar da Maikuɗi a jikin ƙyauren, hannunsa biyu a kan igiyar. Wani ya ce, "Ga wanda ya ɗaure mu nan." Kafin a gama jana'iza maganar ta zauna daram. Dalhatu yana tsaye a sahu, ya ji, bai buɗe baki ba.

Bayan kwana bakwai sankira ya zaga kasuwa da saƙon hakimi. Daga yau duk filin taro a yi masa ƙofa biyu, kada a ɗaure ko ɗaya muddin akwai mutum a ciki. Kada a sa ƙaya. Mai tuya da mai tsire su ja baya taki ashirin. Duba-gari ya riƙa zuwa yana auna takin da ƙafarsa. Ƙauyukan da ba su taɓa jin sunan mamatan ba, su ma suka bi dokar.

Uwaliya, matar Maikuɗi, ita ta ɗauki abin da ya rage na zargin. Mata suka daina aika mata goron biki. Ba ta sake aure ba, ta kama sayar da soyayyar gyaɗa. Kowace kaka Dalhatu kan zo ya sabunta mata danga, su gaisa gaisuwar maƙwabta, ya tafi. Shi kuwa tun daga ranar bai ƙara cin ƙosai ba. In igiyar guga ta yi ƙara a bakin rijiya, sai ya tsaya cak har ta yi shiru. A raka'a ta biyu ta kowace la'asar kunnensa na bayan masallaci, yana jiran ihun.

Shekara goma sha huɗu suka wuce. Duba-gari ya daina zuwa, ciyawa ta rufe kaburburan. Wani ɗan kasuwa mai suna Lukuman, wanda ya zo garin bayan gobarar, ya shirya kokawa a sabon fili. Da hantsi Dalhatu ya kawo zana, ya tarar da shi yana ɗaure ƙofar baya.

"Lukuman, kwance igiyar nan."

"Haba Baba Dalhatu! Ga zanarka mai ƙofar awaki, ga wannan a buɗe, to wa zai bi ta gaba? Sai dai in tara jama'a in yi musu sadakar kallo."

"Akwai doka."

"Dokar tsofaffi ce. An gaya min labarin. Wancan sakarai ne ya yi ƙullin da ya kasa kwancewa. Ni kuwa ka gani, ja ɗaya ne."

Masu kafa dirkoki suka yi dariya. Can gefe, a inuwar ɗorawa, Uwaliya na zaune da farantin gyaɗarta. Furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Ta ji, ba ta ɗaga kai ba.

Dalhatu ya ajiye zanar da ya kawo. Ya ce a hankali, "Shi ma ja ɗaya ya yi. Wani ne ya zo ya gyara masa."

"Wa?"

"Ni."

Gudumar da ke bugun dirka ta tsaya. Dalhatu ya taka zuwa gindin ɗorawar, ya durƙusa kamar mai gaida surukai.

"Uwaliya, ni ne. Maikuɗi kwancewa yake yi, ba ɗaurewa ba."

Ta ci gaba da zuba gyaɗa a ludayi.

"Malam Dalhatu, na ga yatsunsa kafin a rufe shi. Ba farce ko ɗaya. Kuma mutumin da akuyarmu ke kwance masa ɗauri kullum, ina ya ga wannan ƙulli? Na san hannun da ya yi shi tun ran nan. In na faɗa, wa zai yarda da ni?" Ta ɗago ido. "Ni ba labari ka ba ni ba. Yau taro ne. Ka faɗa inda aka ɓata shi."

Da yamma, fili ya cika, kafin makaɗa su fara, Dalhatu ya shiga tsakiya. Ya ɗaga murya. Ya kira sunayen taran ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye na Maikuɗi a ƙarshe, ya faɗi abin da hannunsa ya yi. Wasu suka tofa yawu. Wani tsoho da ya rasa ɗa a wutar ya tashi ya fita, ta ƙofar baya, wadda Lukuman ya riga ya cire wa igiya da kansa.

Shekara shida Dalhatu ya ƙara a duniya. Wasu ba su sake amsa masa sallama ba. Uwaliya ba ta taɓa ce masa ta yafe ba, ba ta kuma hana shi gyaran danga ba. Duk ranar taro za ka gan shi zaune a ƙofar yamma, ya juya wa 'yan kokawa baya, ya tokare ƙyauren da ƙafa don kada ya rufe, hannayensa biyu a matse ƙarƙashin cinyoyinsa.